Kalmar Sirrin Sista

Shekara talatin da biyu Sista ta yi tana aikin jinya, kuma ko bayan ritaya sunan bai bar ta ba, haka ma warin sifirit bai bar hannunta ba. Mace ce da ba ta karɓar canji da hannu, sai ta buɗe leda a zuba mata. Baƙo in ya tashi daga kujerarta, kafin ya kai ƙofa ya ji ƙarar goge-goge a bayansa. Mutanen layi kan yi mata dariya, wai ko ruwan sama sai ta tace kafin ya taɓa rufinta.

Ba su san tushen abin ba. Ɗanta na fari yana shekara biyu ya sha ruwa a wani buɗaɗɗen bokiti a gidan maƙwabta, gudawa ta kama shi, kwana uku ya cika a hannunta, ita tana ɗalibar jinya. Daga ranar ta ɗaura gaba da ƙazanta. Sunan yaron kuwa ba ta sake furtawa ba, ko ga mijinta har ya rasu. Ba hoto, ba riga, ba komai. Sunan nan shi kaɗai ya rage mata, shi ya sa take ɓoyonsa.

'Yarta guda ce, tana aiki a gari mai nisa. Da ta haihu sai ta matsa mata a waya.

"Mama, ki sa intanet a gida don Allah. Wannan datar da kike saya, kafin jikanki ya yi dariya ta yanke."

Sista ta ɗauki jaka ta fita zaɓen kamfani. A ofis na farko, mai sayarwar yana yi mata bayanin sauri da araha yana sakace haƙori da murfin biro, sannan ya miƙo mata biron ta sa hannu. Ta ce Allah ya sawwaƙe, ta fice. A na biyu, matar da ke kan tebur ta yi atishawa a tafinta ta ɗauko takardar farashi da hannun. Tir! Na uku ya fi su tsada, an kuma ce sabis ɗinsu bai kai na farko gudu ba, amma akwai famfo da sabulu a bakin ƙofa, tayil ɗinsu kuma yana sheƙi. Nan ta biya. Da 'yarta ta tambayi saurin layin, cewa ta yi ba ta sani ba, amma bayinsu yana da murfi.

Washegari aka turo wani dattijo mai furfura da kowa ke kira Injiniya. Ya cire takalmi ba a ce masa ba, nan take ya shiga ranta. Ya kafa rauta a kan wata kanta a falonta, wani ɗan farin akwati mai ƙahonni biyu da ke raba intanet ga wayoyin gida. Sai ya tambaya ko ɗakunan gaba ma za su sha.

A ɗakunan gaba ƙaninta ke zaune da matarsa da 'ya'yansu mata biyu. Facin taya yake yi, rumfarsa tana jingine da katangar gidan daga waje, kowa Mai Faci yake ce masa. Ita ta rene shi tun yana ɗan makaranta, kuma har yau ba ta iya kallon farcensa tana cin abinci. Amma jini jini ne. Ta ce a ja musu. Injiniya ya bi bango da waya yana buga ƙusoshi, ya kafa ƙaramin akwati na biyu a barandarsu.

"Saura kalmar sirri, Sista," in ji shi. "Ki sa abin da ba za ki taɓa mantawa ba, wanda kuma ba mai iya cankowa. Haruffa da lambobi."

Ya miƙa mata wayar ya juya baya. Ta daɗe tana kallon allon. Abu ɗaya ne a duniya da ba za ta manta ba, ba kuma wanda zai canka. Ta rubuta sunan yaron da shekarar haihuwarsa, karo na farko cikin shekara arba'in. Da fitilar akwatin ta koma kore sai ta ji wani sanyi a ƙirjinta, kamar yaron ya samu ɗan gurbi a gidan.

Mutanen gaba ba ta faɗa musu kalmar ba. Layi ta sa suka yi, ta goge kowace waya da auduga da sifirit, ta shigar da kanta tana kare allon da tafin hannu. Wayar Mai Faci sai da ta ci auduga uku.

Wata biyu abin ya yi daɗi. Ta ga haƙorin jikanta na farko, ta kuma yi wa 'yarta faɗa a kan wani tawul da ta hango a ƙasa. Daga nan hoto ya fara tsayawa, fuskar jariri ta daskare baki buɗe. A daidai lokacin kuma gindin katangarta ya zama dandali. Ƙarti bakwai, takwas, goma, kowa ya sunkuyar da kai a waya. Wannan ya tofar da majina, wancan ya yar da guntun sigari, ga ɓawon gyaɗa, ga ledojin ruwa. Kwanar da katangar ta haɗu da kwata kuwa ta koma wurin fitsari, zarni har cikin kicin ɗinta. Kullum da asuba, gari bai gama wayewa ba, ta sa safar hannu ta watsa bilic mai kashe ƙwayoyin cuta tana tsaki, kafin azahar an mayar da shi yadda yake. Ta ɗauka cinikin faci ne ya buɗe, har tana yi wa ƙaninta murna cikin ƙyama.

Wata ranar Talata da hantsi ta dawo daga kasuwa. Wani direban tasi yana zaune a kan tsohuwar taya, bakinsa cike da burodi, wani daga tsallaken titi ya ɗaga waya ya ce, "Kai, mene ne ma kalmar?"

Direban ya buɗe baki, burodi yana tsartuwa, ya ƙwala sunan ɗanta. Da shekarar. Har sau biyu, don na farko mota ta wuce.

Ledar tumatir ta suɓuce daga hannun Sista. Sunan da ita uwarsa ba ta yarda ya bi ta leɓenta ba, ga shi a bakin ƙato yana fita da yawu. Direban ya ga tana kallonsa, sai ya yi mata kirki, ya nuna da haɓa.

"Ga shi can an rubuta, Mama, in kina so."

Can ɗin kwanar kwata ce. An rubuta sunan a jikin katangar da baƙin mai, manyan haruffa karkatattu, ƙasansu duk fitsari ya yi shata. Ƙudaje suna tashi suna sauka a kai. Ta matsa kusa. Ta san rubutun. Ita ta koya wa mai shi riƙe fensir.

Mai Faci yana durƙushe yana tsoma tiyub a bahon ruwa. Ta tsaya a kansa.

"Wa ya ba ka kalmar?"

"Haba Yaya, ai wayar da kanta take nunawa in ka san inda za ka taɓa," ya ce yana dariya. "Kwastomomi ne, in suna jira sai su yi ta damuna, ga hannuna duk mai. Shi ne na ce bari in rubuta kowa ya huta. Ai ba ƙarewa take ba."

"Ka karanta abin da ka rubuta?"

"Na karanta mana. Sunan wani ne. Na ɗauka Injiniya ne ya sa na ɗansa."

Ta kalle shi. Wannan mutumin yana shekara goma sha biyar lokacin. Shi yake saɓa yaron a wuya ya zaga layi da shi, shi ya koya masa tafi, shi aka aika kemis da gudu a rana ta uku. Ta yi ta jira ta ga ko wani abu zai motsa a fuskarsa. Ya share hanci da bayan hannu, ya bar baƙin layi a kumatu.

"Wai na wane ne, Yaya?"

Ta juya masa baya. Duk ƙazantar da ta kwashe a asibiti, ba wadda ta taɓa tayar mata da zuciya kamar tambayar nan. Rabin layi sun haddace sunan, har kawunsa ya rubuta shi da hannunsa, amma ba mai tuna an taɓa yin yaron sai ita.

Ta shiga gida ta zare wayar rauta daga soket. Ta fito da bokiti da buroshi da bilic. Ƙartin suka fara ɗaga wayoyi sama suna gunaguni, sabis ya ɗauke. Ta ratsa su ta durƙusa a bakin kwata, zanenta a cikin jiƙaƙƙiyar ƙasar, ta hau dirje bango. Baƙin mai ba ya jin sabulu, sai da siminti ya fara zubowa tare da haruffan. Ta kai harafi na uku kafin ta lura ta manta safar hannu, kuma ba ta tashi ɗaukowa ba.

Mai Faci ya zo ya tsaya a bayanta yana sosa ƙeya.

"Yaya, in canzawa za ki yi, sabuwar fa? Yaushe za a ba mu?"

Sista ta sake tsoma buroshi a bokiti, ta ci gaba da harafi na huɗu.