Ya'u na Gidan Gwanjo

Ya'u ɗan maƙeran farfaru ne daga Masanawa, a ƙasar Kabo. Gidansu ba a ƙera fartanya ko lauje. Azurfa da tagulla suke aiki, mundaye da zobba da 'yan kunnen amare. Ya tashi yana zuga wa mahaifinsa wuta, kuma kafin ya yi aure hannunsa ya riga ya faɗa, har matan Kabo kan aiko su ce a ba Ya'u aikin, tunda idon tsohon ya fara rauni.

Sai zamanin tsuke bakin aljihu ya shigo, wanda mutane suka riƙa kira ostariti. Sabulu ya ɓace daga kantuna, madara da sukari sai an yi layi. Matan da ke zuwa a ƙera musu munduwa suka koma kawo tasu a saya. A cikin wannan hali uban ya rasu, maƙerar ba ta daɗe ba ta bi shi. Ya'u ya bar matarsa Raliya da goyo, ya tafi Gwarzo neman abin yi.

A can ya haɗu da Mahbub. Shi Mahbub akawu ne a wata masaƙa a Kano, aka zo rage ma'aikata aka haɗa da shi. Ya dawo gida da 'yar sallamarsa da kuma wani abu da ya lura da shi a wurin Turawan da ya yi aiki da su: akwai masu biyan kuɗi mai kyau a kan abin da tsohuwa ta jefar a bayan rumbu. Ya kama hayar wani tsohon siton gyaɗa a bayan kasuwa, ya jera bencina, ya sayi ƙararrawa. Sau ɗaya a wata ake yin gwanjo. Masu saye daga birni suke zuwa, dillalan tsofaffin kaya da Kwarori da wasu Turawa malaman makaranta tare da matansu. Mahbub ke gaba, yana kiran kaya yana zuga masu tayi. Duk abin da ke bayan labule kuwa na Ya'u ne.

Aikinsa na farko wata tsohuwar tasa ce ta tagulla, ta yi baƙi ƙirin. Ya jiƙa tsamiya, ya haɗa da toka, ya wuni yana gurza har ta koma kamar madubi. Ya kawo wa Mahbub yana jiran yabo.

Mahbub ya juya tasar a hannu, ya ajiye. Ya ce, "Wa ya sa ka?"

"Ai cewa ka yi in wanke, Malam."

"Ka wanke kuɗin ke nan. Wanda zai taso daga Kano ba tasa yake nema ba, tsufan yake nema. Ƙura za ka cire, ka bar dattin."

Da haka Ya'u ya koyi sana'ar da ta saɓa wa duk abin da ubansa ya koya masa. Ya koyi wanke abu rabi, ya bar kore-koren tagulla a cikin zane. Ya koyi liƙe hannun buta da dalma sannan ya shafa baƙin tukunya a wurin don kada gyaran ya nuna. Yana shafa wa akushi man gyaɗa, yana shanya tsofaffin gwaduna a inuwa, yana kashe gara a jikin turmi da kananzir. Kowane kaya sai ya ɗaura masa lamba da zare. Ranar gwanjo shi ke fitowa da su ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga sama ya zagaya gaban bencina, har sai an buga ƙararrawa. Akwai Baturiyar da ta yi shekaru tana zuwa, ranar da ta gan shi a tasha ba ta gane shi ba.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne fita ƙauye. Tsakanin gwanjo da gwanjo Mahbub kan ba shi keke da buhu, ya bi Madadi da Sabon Birni da ƙauyukan Kabo yana tambayar mai tsohon kaya. Ba ya shan wahalar samu. Taki ya yi tsada, asibiti ta koma sai ka sayi komai da kanka, mutane suna fito da abin da suka gada.

A gefen Madadi akwai wani dattijo, Bappa, wanda ciwon bushiya ya share masa garke a shekara guda, ya koma noma da tsufansa. Ya'u ya yi sallama, aka shimfiɗa masa tabarma, aka gaisa har aka gaji. Sannan Bappa ya yi kira, matarsa Asta ta fito da jerenta: ƙore masu zane, manya da ƙanana, da faya-fayansu da ludaya. Ta jera su a ƙasa da kanta.

Ta ce, "Wannan babbar ta kakata ce. A cikinta aka dama furar aurena."

Ya'u ya ce, "Inna, ko za ki bar wannan ɗin?"

"In bar ta in zuba me? Babu nono a gidan nan. Ɗauki duka, kada ka bar mini wadda zan riƙa kallo."

Ya biya abin da Mahbub ya yanka masa, ya ɗaure a keke. Ranar gwanjo ya ɗaga babbar ƙwaryar da hannunsa, ya ji inda tayi ya kai kafin a buga ƙararrawa. Ya koma bayan labule ya zauna a kan turmi, sai da Mahbub ya kira shi sau da yawa kafin ya fito da kaya na gaba. Bai sake bi ta ƙofar Bappa ba.

Gidan gwanjo ya yi ta haɓaka. Mahbub ya je Makka, ya zama Alhaji, ya sayi mota. Ya'u ya ɗauko Raliya da yara suka kama ɗaki a Gwarzo. Tsamiya da ruwan batir suka cinye masa fatar hannu, har ya zama ba ya iya damƙe yatsunsa sosai in an yi sanyi.

A hankali Alhaji ya gane abin da masu saye suka fi so. A ƙauyukan Maguzawa, in tsoho ya mutu 'ya'yansa da suka musulunta ko suka shiga coci ba su san yadda za su yi da kayansa ba: mutum-mutumin itace, tukwanen tsafi, gatarin bori, rigunan mafarauta masu layu. Alhaji ya ce a riƙa kwasowa. Ya'u ya nuna ba ya so.

Alhaji ya ce, "Itace ne da yumɓu, Ya'u. Bauta musu za ka yi? Mu da muke fitar da su daga ƙasar Musulmi ai lada ma muke samu."

Aka ware musu ɗakin ciki, ba a fito da su gaban jama'a sai mai saye ya nema. Makullin yana wurin Ya'u, domin shi ke kaɗe musu ƙura.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, Ya'u na cikin waɗanda suka hau motar kaya zuwa birni. Ya tsaya cikin rana da dubban mutane, ya dawo muryarsa ta dishe da kabbara. Ya ce wa Raliya yanzu talaka zai tsaya da mai kuɗi a gaban alƙali kafaɗa da kafaɗa. Alhaji kuwa ya tsayar da gemu, ya ɗage wando, ya shiga kwamitin da 'yan unguwa suka kafa don gyaran tarbiyyar gari.

Ba a daɗe ba aka fara raɗe-raɗin akwai gumaka a tsohon siton gyaɗa. Alhaji ya riga kowa ji. Wata safiya ya kawo motar haya, ya sa Ya'u ya naɗe masu kyawun cikinsu a tsumma ya loda, aka wuce da su Abuja. Aka bar karyayyu da waɗanda gara ta taɓa.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, samari suka yi cincirindo a ƙofar siton. Jagoransu wani matashin malami ne, Ja'afaru, wanda bai daɗe da dawowa daga karatu ba. Alhaji na tare da su, cikin farar riga.

Ja'afaru ya ce, "Alhaji, an ce mana akwai abin da bai dace ba a nan ciki."

Alhaji ya ce, "Ni ma haka na ji, Malam, shi ya sa na ce mu zo tare. Ni tasoshi da tsofaffin kuɗi nake sayarwa, kowa ya sani. Ɗakin nan ban san rabon da in shige shi ba. Makullinsa na wurin wannan bawan Allah."

Duk aka juyo ana kallon Ya'u. Ya ce, "Alhaji, ni?"

"Buɗe musu kawai, Ya'u."

Ya buɗe. Aka sa shi ya fito da su da hannunsa, ya tara a tsakar titi. Ya yi ƙoƙarin yin bayani, ya ce aiko shi ake yi, ya ce na sayarwa ne, amma hayaniya ta rufe maganar. Wani ya ce dama maƙera ba a raba su da asiri. Aka zuba kananzir aka cinna wuta. Wasu suka fara matsowa da duwatsu, Ja'afaru ya tare su. Ya ce ba za a taɓa shi ba, ƙofar tuba a buɗe take. Ya sa Ya'u ya durƙusa, ya riƙa faɗar kalmar shahada Ya'u na maimaitawa, jama'a na kabbara. Ya'u fa, mutumin da furfura ta fara fito masa, wanda tun yana yaro ba a san ya bar salla ba, wanda in ladan ya yi tafiya shi ake sa wa ya kira salla a masallacin unguwarsu. Alhaji na daga cikin waɗanda suka miƙa masa hannu suna yi masa murnar shiriya.

Washegari Ya'u ya sami Alhaji a zaurensa. Bai zauna ba.

Ya ce, "Ka san ba nawa ba ne."

Alhaji ya ce, "Na sani. Amma ka duba, da ni suka kama, sito za su ƙone, da ni da kai duk mu tashi a tutar babu. Kai kuwa me aka yi maka? Ko ƙwarzane ba ka samu ba. Ka yi haƙuri, mutane mantuwa gare su."

"Ka fita ka faɗa musu."

"In faɗa musu me? Magana ta riga ta mutu, kada ka tashe ta."

Mutane ba su manta ba. Ba a sake ba Ya'u kiran salla ba. Yara suka sa masa Ya'u mai gumaka. Mutanen da suka kawo gaisuwar neman auren babbar 'yarsa suka aiko a mayar musu da kayansu. Ya je wurin Ja'afaru ya ba shi labarin tun daga farko, har da motar Abuja. Ja'afaru ya saurara, ya tambaye shi ko yana da shaidu. Direban motar ba ɗan garin ba ne. Ja'afaru ya ce to ya yi hattara da ƙazafi, domin ƙazafi ma yana da hukunci.

Kafin shekara ta zagayo Alhaji ya rufe siton. Turawa sun daina zuwa, ya ce kasuwa ta koma Abuja, ya buɗe shago a can kusa da wani babban otal. Ya'u ya kwashe iyalinsa ya koma Masanawa. Ranar kasuwar Kabo yakan shimfiɗa buhu a gindin wata darbejiya yana liƙin bokiti da fitila da risho. A nan na san shi. Ba mai yawan magana ba ne, amma in ciniki ya yi sanyi yakan ba da labarin nan, kullum iri ɗaya, ba ya ƙari.

Bayan wasu shekaru Alhaji ya zo har Masanawa da kansa, ya ajiye mota a ƙofar gida. Ya ce tsofaffin kaya sun ƙare a ƙauyuka, masu saye kuma ba su ƙare ba. Yana son Ya'u ya riƙa ƙera mundaye irin na da, ya binne su a turken awaki su yi wata biyu, su fito da kamannin tsufa. Ya'u ya ce ba zai yi ba, ya raka shi har mota. Damina ta zo ba ta yi kyau ba, Raliya ta kwanta ciwo. Ya tono kayan ƙirar ubansa daga ƙarƙashin gado ya hura wuta. Ya yi wannan aiki har ƙarshen ƙarfinsa, kuma ya ce mini bai taɓa ƙera abu mai kyau kamar waɗannan na ƙaryar ba.

Alhaji ya gina masallaci a Gwarzo, mai hasumiya da tayil. In sha'ani ya kai Ya'u garin, lokacin salla ya yi, yakan wuce shi ya tafi wani.

Tari ne ya kashe Ya'u, a tsakiyar damina. Alhaji bai samu zuwa ba, amma ya aiko da buhun shinkafa da jarkar mai. Masu zaman makoki suka yi ta sa masa albarka, suna cewa samun mai gida irinsa, wanda bai yar da yaronsa ba duk da abin da yaron ya jawo masa, sai an tona. Raliya na daga cikin ɗaki tana ji. Ta ce a bar buhun a zaure, kada a shigo mata da shi. Zuwa la'asar baƙi daga Kabo da Gwarzo sun cika gidan, tsabar da ke rumbu ba za ta kai ba. Ta aika aka jawo buhun, ta kwance bakin da kanta, ta ce a ɗora ruwa.