Ranar da Na Buɗe Tanderun Madam

Akwai wata Laraba da ba ta taɓa fita raina ba, a shekarata ta biyu a gidan burodin Madam Emiko, nan Madarumfa. Ku sababbin ma'aikata kun same ta da furfura. Amma ita kaɗai ta baro Japan tana 'yar shekara ashirin da 'yan kai, da akwati guda da sikelin awon fulawa, ta koyi Hausa a bakin masu tuyar ƙosai.

Aikinmu hawa uku ne: mai kwaɓi, mai wuta, sai mai tanderu, wanda ke sa burodi ya kuma fitar. Ni mai wuta ne. Tanderu kuwa na Madam ne ita kaɗai, kuma dokarta guda: ko gari zai ƙone, ba mai buɗe ƙofar sai ita. Wanda na gada, leƙawa kawai ya yi aka sallame shi. Ni ga mata da 'ya'ya uku, ko kallon ƙofar ba na son yi.

Ran nan muna gasa burodin nan nata mai wake da sukari a ciki, na wani suna a Ɗan Issa. Minti goma sha takwas yake yi. Ya ci goma, sai ga Baba Jimo na Safo, tsohon da muke sayen wake a wurinsa. Ya zo ne takanas ya ga matar da aka ce tana zuba wa wakensa sukari.

Madam ta fita ta sunkuya, irin gaisuwar ƙasarsu. Shi kuma Baba kunnensa ya yi nauyi, sai ya sunkuyo don ya ji me take faɗa. A al'adar Japan ba ya yiwuwa kan babba ya fi na yaro ƙasa, don haka ta ƙara sunkuyawa. Muryar ta ƙara nisa, Baba ya bi ta. Ta durƙusa, ya tsuguna. A nan ƙasa ya buɗe gaisuwa: ina gida, ina gajiya, ina mutanen Japan, ya damina a can, gero ya yi kyau?

Minti sha takwas suka cika. Na yi tari. Na yar da bokiti ko za ta waiwayo. Ita ba za ta tashi kafin babba ba, shi kuma, daga baya muka gane, gwiwa ce ta riƙe shi yana jin kunyar faɗa.

Da ƙamshi ya fara komawa ƙauri, na tuna 'ya'yana, na kuma tuna mai jegon da ke jiran burodi. Na yi bisimilla, na buɗe ƙofar, na ɗauki doguwar sandar katako ta fitar da burodi, na fitar da shi tas. Layin baya kaɗai ya yi duhu.

Sai da na je na ɗaga Baba kafin Madam ta miƙe. Ta shigo ta duba burodin ɗaya bayan ɗaya. Ni har na fara neman takalmana.

"Isuhu, wa ya ce ka buɗe?"

"Ba kowa, Madam. Na ga gaisuwar ba ta kai rabi ba."

Ta leƙa waje. Baba ya cinye guda, yana cewa wallahi an ɓata wake, yana miƙa hannu a ƙara mishi. Sai ta ɗauki sandar da hannu biyu ta miƙo mini, har da sunkuyawa. Na tsaya ƙyam ban sunkuya ba, don na ga inda wannan hanya ke kaiwa.

Ta ce, "Daga yau tanderu naka ne. A garin nan mutum guda ba ya iya gaisuwa da gashi."

Abin da na koya ke nan, shi ya sa har yau nake sa ku biyu-biyu. Burodi ba ya jira, tsoho kuma ba a katse shi, don haka ɗaya ya tsaya a bakin wuta, ɗaya ya je ya amsa lafiyar mutanen Japan.