Linzamin da Aka Aiko daga Kurfi

Hudu mai awon hatsi ne a kasuwar Dutsin-Ma tun zamanin Turawa, kuma duk wanda ya taɓa sayen gero a wurinsa ya san Allah ya zuba masa mita. Rana ta yi zafi, mita. An yi ruwa, mita. Abu ɗaya kawai ba a taɓa jin ya kushe ba, shi ne dokinsa.

Ɗan dukushi ne akawal, baƙi wuluk, ya saye shi hannun wani Bafillace wajen Karofi, ya rene shi da kansa, dusa da kanwa da harawa. Ya daɗe yana hawansa da ragama kawai, kafin ya sa Yero maƙeri ya ƙera masa ɗan linzami siriri, sumul, babu harshe babu zobe. Bakin dokin nan taushi gare shi kamar na jariri. Yatsa Hudu zai motsa, doki ya juya. Ba shi da wani abin alfahari a duniya da ya wuce wannan baki.

Ana nan sai ga labari daga Kurfi: Alhaji Mahmuda, ƙanin surukinsa, yana hanyar dawowa daga Makka, kuma duk mai doki a dangi zai fita tarba. Akawal kuwa bai taɓa shiga taro ba. Bai san kalangu ba, balle bindiga.

Hudu na cikin wannan tunani matarsa Ma'u ta dawo daga gidansu da wani ƙunshi a tsumma.

“Baba ya ce a ba ka, a sa wa doki ran tarba.”

Ya kwance. Tsohon linzami ne baƙi ƙirin, da harshen ƙarfe mai dukan ganɗa, da zobe mai matse haɓa. Na tsohon ingarman surukinsa Malam Sabi'u ne, wani mugun doki mai cizon mutane.

“Ma'u, wannan linzami ne ko tarkon kura?”

“Ni dai aiko ni aka yi, Malam.”

“To ki koma ki ce masa...”

“In ce masa mi?”

Hudu ya mayar da linzamin cikin tsumma. Tun da aka ɗaura aure bai taɓa kallon fuskar Malam Sabi'u ba. Daga nesa yake tuɓe takalmi ya durƙusa. Kyautar suruki ba a mayar da ita, ba a kuma rataye ta a ɗaki, tunda ran tarba bakin doki tsohon zai fara duba.

Ya tafi wurin Yero ko zai rage kaifin harshen da magagari. Yero ya juya linzamin ya ce, “Ubana ya ƙera masa shi. In na taɓa, daga nesa zai gane.” Ya kai kuka wurin Gwaggo Sakinatu, ƙanwar ubansa, ta ce, “Kai Hudu, doki ne fa, ba ɗanka ba!” A kasuwa kuwa kowa ya zama gwani. Wai ƙarfe ke koya wa doki hankali. Haba! Mutumin da ko jaki bai taɓa ɗaurewa ba shi ma yana da ta cewa. Haushi ya hana Hudu cin tuwo.

Ran tarba ya hau da ɗan linzaminsa har bakin Kurfi. Gindin wata tsamiya ya sauka ya canza. Akawal ya yi ta taunar baƙon ƙarfe yana kaɗa kai. Hudu ya shafa wuyansa ya ce, “Yi haƙuri, ni ma ba son raina ba ne.” Ya ƙudurta a ransa zai bar kamazuru, igiyar linzamin, sako-sako, a gaisa, a watse, kowa ya kama gabansa.

Ina! Motar Alhaji na ɓullowa mata suka rangaɗa guɗa, makaɗa suka saki kalangu, dawaki suka fara rawa. Akawal na karkarwa amma yana tsaye. Sai wani mara hankali ya ɗaga bindigar toka dab da kunnensa ya harba.

Doki ya zabura ya yanki gona.

“Ja linzami! Ja mana!” Haka taro ya ɗauka gaba ɗaya.

Hudu ya sani sarai fizga ɗaya za ta tsayar da shi. Ya kuma san abin da harshen nan zai yi wa ganɗar da ba ta taɓa jin ƙarfe mai kaifi ba. Sai ya saki kamazuru ya rungume geza. Yana tafe yana zagi: ya zagi mai bindiga, ya zagi mota, ya zagi kansa, ko uban Yero da ke kabari bai tsira ba. Rawani ya warware ya maƙale a ƙaya. Da suka iso bakin wani kwazazzabo doki ya kauce, shi kuwa ya wuce, ya sauka kan hannun dama, ji kake ƙas.

Da ya miƙe, bai ko dubi hannun ba. Akawal na tsaye kusa yana haki. Ya lallaɓa da hagu ya zare linzamin, ya zura yatsa cikin bakin ya laluba ko'ina. Miyau ne kawai, babu jini. Ya ce alhamdu lillahi, sannan ya ji zafi.

Mahaya suka iso, wasu na salati, wasu na ƙunshe dariya. Malam Sabi'u na cikinsu. Hudu ya durƙusa da karyayyen hannu ya sunkuyar da kai. Tsohon bai dube shi ba, na kusa da shi ya ce wa, “Ku tambaye shi, mi ya hana shi ja?”

Hudu ya kalli ƙasa. “Allah ya gafarta Malam, ƙaddara ce.”

Maɗori ya ɗora hannun. Hudu na kwance yana jinya sai ga Ma'u da wani ƙunshin, ya fi na farko nauyi.

“Baba na gaishe ka da jiki. Ya ce ashe wancan ya yi wa dokin kaɗan.”

Hudu ya leƙa ƙunshin, wani linzamin ne. Can ya ce, “Ki ce na gode, Allah ya ƙara girma.”

Daga ranar bai sake fita taro a kan doki ba. Biki ko tarba ko rakiya, sai ya ce hannu ya motsa, ya bi mutane da ƙafa. Aka yi ta tsokanarsa a kasuwa wai faɗuwa ɗaya ta kore shi, har yara suka mayar da shi waƙa. Abin na cinsa ƙwarai, amma bai taɓa faɗa wa kowa dalili ba. Da yamma sai ya fita shi kaɗai ta bayan gari da ɗan linzaminsa, yana jiran ranar da zai nuna wa Dutsin-Ma yadda ake juya doki da yatsa.

Malam Sabi'u kuwa Allah ya yi masa tsawon rai. Aka samu mulkin kai, shekaru suka shige, tsoho na nan garau yana zuwa kowane taro. Akawal ne ya riga shi. Hudu ya zauna gindin turke ya yi kuka, bai damu da wa ke kallo ba.