Idon Sista Ban-Gani-Ba

A sashen yara na asibitin akwai ofis ɗaya da likitoci da nas-nas suke tarayya a cikinsa. Tebur ɗaya ne, kujera uku, da fanka wadda ba ta juyawa sai gefe guda. Ba a taɓa rubuta dokokin ɗakin ba, amma kowa ya haddace su. Idan likita ya shigo, nas za ta miƙe ta bar masa kujerar da ke ƙarƙashin fanka, ko da tana tsakiyar rubuta rahoto. Idan ya ari bironta, biro ya zama nasa. Babbar dokar kuwa ita ce, nas ba ta ce wa likita ya yi kuskure. Kuskure abu ne da ke faruwa a wasu sana'o'in.

A wannan ɗaki Sista ta shafe shekara ashirin da bakwai. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, kuma duk asibitin an san ta da ciwon ido, har ake kiranta Sista Ban-Gani-Ba.

Ciwon ya kama ta ne a shekararta ta biyu da fara aiki. Wata rana ta ga an rubuta wa yarinyar gado na shida magani da ya yi mata kama da ya wuce kima. Ta dubi katin, ta dubi likitan, ta ce a ranta ita wace ce, ta ba da shi yadda aka rubuta. Yarinyar ba ta kai la'asar ba. Takarda ta ce zazzaɓi ne, kuma mai yiwuwa shi ɗin ne. Uwar ta ninke zanin goyo, ta tsaya a bakin ƙofa ta yi wa Sista godiya a kan ɗawainiya, sannan ta tafi. A makon nan idon Sista ya lalace.

Ga yadda ciwon yake tashi. Za ta kai kati dab da hancinta, ta janye shi, ta karkata shi wajen taga, sannan ta ce, "Likita, a yi haƙuri da idon tsufa, ban gani ba. Ko za ka sake rubuta mini layin nan? Yaron dai kilo tara ne."

Tana da shekara ashirin da biyar ta fara wannan tsufa. Likita zai ja tsaki, ya karɓi kati, ya sake rubutawa, a hanya kuma lambar ta rage ƙiba. Ya tsokane ta cewa ta nemi tabarau, ita ta yi masa godiya, kowa ya tafi da girmansa. A gida kuwa, mijinta tela ne, kuma tun da nasa idon ya fara dusashewa ita ce ke zura masa zare a allura kafin ta fita aiki, guda biyar a jere, ta soke su a jikin labule.

Haka aka zauna lafiya har aka kawo Sabon Likita. Mutumin kirki ne, shi ne ma matsalarsa. Yana gaishe da nas-nas, yana mayar da biro, abin da ya sa suka fara zarginsa tun makon farko. Rubutunsa kamar na inji. Kuma duk abin da aka faɗa masa, yadda aka faɗa yake ɗaukarsa.

Wata Talata da safe ya rubuta wa yaron gado na uku allura, amma da nauyin yaron gado na huɗu ya yi lissafi. Sista ta kai kati hanci, ta karkata wajen taga, ta ce ba ta gani ba. Cikin tausayi ya karanta mata da ƙarfi, a hankali, kamar yana magana da kakarsa. Ta roƙi ya sake rubutawa. Ya sake, da manyan baƙaƙe, lambar nan ba ta motsa ba. Ta ambaci cewa yaron ƙarami ne. Ya ce ai kuwa, abin tausayi, ya ƙara wa rubutun lambar girma.

Sista ta fita, ta dawo rungume da yaron, ta ɗora shi a kan sikeli a gaban likita, ta ce ya taimaka ya karanta mata. Ya duba, ya ga kilo takwas. Ya soke layin, ya rubuta daidai. Da rana kuma ya zauna ƙarƙashin fanka ya rubuta wa hukumar asibiti takarda mai shafi biyu, cewa nas da ba ta iya karanta ko sikeli haɗari ce ga yara.

Aka sa ranar gwajin ido. Idan ta faɗi, za a mayar da ita sito ta ƙarasa shekara ukun da suka rage mata tana ninke zanin gado. Idan ta ci, to ta tabbata shekara ashirin da biyar tana gyara wa likitoci aiki, wanda ya fi makanta muni. Ita dai sashen yara take so. Mijinta ya ba ta shawara ta karanta rabin allon ta bar musu rabi. Ta ce masa allura ba ta da rabi, ko ta shiga jikin yaro ko ba ta shiga ba.

A ɗakin gwaji akwai likitan ido, da mai rubuta bayanin zama, da shugabar nas-nas, da Sabon Likita, da Babban Likita, wanda shi ma shekara ashirin da suka wuce sabo ne, kuma ya sha sake rubuta mata layi. Sista ta rufe ido ɗaya ta karanta allon daga sama har ƙasa. Ta rufe ɗayan ta maimaita. Don kada a bar saura, ta haɗa da ƙananan baƙaƙen da ke can ƙasan allo, waɗanda likitan ido sai da ya taso ya matsa kafin ya tabbatar.

Sabon Likita ya tambaya, da zuciya ɗaya, to me ya hana ta ganin katinsa ran nan.

"Na gani sarai, likita," in ji ta. "Rubutunka ya fi na kowa kyau. Yaron kilo takwas ne, ka rubuta masa na mai kilo ashirin."

Shugabar nas-nas ta gano wani abu a rufin ɗaki ta tsura masa ido. Babban Likita ya cire tabaransa ya shiga gogewa, ya ce wa mai rubuta bayanin zama ta ɗan huta tukuna.

Awa biyu suka yi a kan abin da za a rubuta. Ba za a ce idon ya mutu ba, don sashen ba zai iya rasa ta ba, kuma Babban Likita ya fi kowa sanin dalili. Ba za a ce lafiyarsa ƙalau ba, don wani zai iya tambayar me ya sa aka yi ta sake rubuta kati shekara da shekaru. A ƙarshe aka rubuta cewa idon yana gani, amma yakan gaji jifa-jifa, kuma ana roƙon likitoci su ci gaba da haƙuri da shi. Aka bar ta a sashen yara. Aka kuma saka mata takardar jan kunne a fayil, saboda yi wa likita magana kai tsaye a gaban jama'a. Ta karanta ta, ba tare da ta kai ta hanci ba, ta sa hannu.

Sabon Likita ya yi mako uku yana gaishe ta da ka kawai. Bayan haka ya sayi ƙaramin littafi yana rubuta nauyin kowane yaro, kuma ya daina mayar da biro, sai nas-nas suka saki jiki da shi.

Sista na nan har yanzu. Tana miƙewa idan likita ya shigo, tana cewa ba ta gani ba idan ta gani. Bambancin kawai, yanzu babu likitan da ke dariya. Da ta karkata kati wajen taga, sai ka ga hannunsa ya tafi neman biro. Lokacin ritayarta na matsowa, kuma an ji Babban Likita yana tambayar shugabar nas-nas, a kaikaice, ko cikin sababbin da aka ɗauka akwai mai fama da ido.