Ranar da Kakana Ya Nemo Kifi da Kunne

Ƙarfe biyar da kwata na yamma ne, ranar Juma'a. Mu uku ne a falo: ni, da matata, da autarmu. Autar ta nuna mini wata dabbar ruwa a waya, mai kama da dolfin amma bayanta sumul, babu ƙaya. Da na ji hucin numfashinta, sai kakana ya faɗo mini a rai.

A unguwar Sa'alaba muke zaune lokacin, kusa da teku, a ƙasa mai tsarki. Kakana ya zo hajji bai koma ba, ya daɗe yana kamun kifi a jirgin wani Balarabe. Dolfin babbar dabbar teku ce da ke leƙowa sama ta shaƙi iska, masuntan can suna kiranta abu salama. Shi kuwa maƙwabta yake ce musu.

Da ganinsa ya ragu, mai jirgin ya ce halas, wato an gama, ya zauna a gida. Kakana ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama, ba shi da wata sana'a. Ya roƙi fita ɗaya tak, aka yarda. Ni na riƙe masa hannu, ina ɗan shekara goma sha ɗaya.

Ga yadda aka yi. Da farko mun yi ta yawo har azahar, babu komai sai zafi da warin man inji. Daga nan kakana ya ce a kashe inji.

Mai jirgin ya ce, "Ya Hajji, ido babu. Da hanci za ka kama?"

"Da kunne. Kai dai rufe bakinka."

Muka yi tsit. Can nesa na ji fuu, fuu, numfashin dolfin. Kakana ya ce mini, "Saurara, ɗan nan. In numfashin yana tafiya a jere, wucewa suke yi. In yana zagayawa, sun tara kifi wuri ɗaya, suna ci bi da bi." Ya nuna kudu da haɓarsa.

Da muka isa, ya hana a jefa taru a tsakiya. Ya ce a gefe, domin su suka yi aikin. Mutum uku suka ja tarun nan da ƙyar.

Mai jirgin bai ba da haƙuri ba. Cewa ya yi kawai, "Gobe bayan asuba, yalla, mu fita." Kakana ya ƙara shekara huɗu a teku.

Yanzu na'ura ce ke nuna kifi, ba mai kashe inji. Ni direba ne, ban gaji kunnensa ba.

Abu biyu nake roƙonka. In ka shiga teku ka ga maƙwabtan nan, ka rage gudu har su wuce. Sannan ka yi wa kakana addu'a.