Rahila da Fartanyar Baba

Shekara shida ke nan da motar da ta ɗauko ƙanwata Rahila ta kife a hanyar Funtua. Daga jami'a take dawowa, inda take digiri na biyu a kan gajiyar tsofaffi da motsa jikinsu. Ba ta kai ga kammala binciken ba.

Da ta fara, dariya muka yi mata. Wai a je har jami'a a karanta gajiya, abin da kowa ke kwana da shi kyauta. Ita kuwa ta riƙa hawa babur tana bin ƙauyuka har Gozaki, tana zama da tsofaffi. Duk wanda ta tambaya ko yana gajiya sai ya ce "ba gajiya", ko da da ƙyar yake ɗaga kai, don haka aka koya mana amsawa. Sai ta bar tambayar, ta koma wuni da su. Ta ga mai zuwa gona, ta ga mai ɓarar gyaɗa, ta ga wanda 'ya'yansa suka shimfiɗa wa tabarma a zaure suka ce ya huta. Ta ce min na tabarmar nan sun fi kowa laushi, ba barcin kirki, ba cin abinci.

A gidanmu ma abin ya same ta. Shekarar da babban wanmu ya samu aiki a Malumfashi, ya zo ya karɓe fartanyar Baba ya jefa a ɗakin ajiya. A wurinmu abin kunya ne a ga tsohonka duƙe a gona kana cin albashi, ko a coci sai an yi da kai. Rahila ta ce masa, "Yaya, mutuncinka kake karewa, ba jikin Baba ba." Suka daɗe ba sa gaisawa. Da ta ga ba zai sauko ba, sai ta roƙi Baba ya riƙa raka ta bakin rafi da yamma, wai tsoron karnuka take ji. Rahilar da ke korar karnukan unguwa da takalmi.

Da za ta dawo yau ban san me za ta ce ba. Da 'ya'ya masu ƙwace fartanya ta yi faɗa, yanzu kuwa tsoron 'yan bindiga ya raba tsofaffi da gonakin nesa, ba sai an ƙwace ba. Ka bi ta ƙofar gidaje ka gan su jere a benci da rediyo, tun hantsi har la'asar. Baba ma tun da ta rasu bai sake taka hanyar rafi ba. Ya koma tabarma, tuwo sai ya taɓa ya ture, tashi sai ya dafa bango. Asibiti sun ce tsufa ne. Ni kam na gaji da jin wannan magana, na gaji da kallonsa yana ƙarewa a zaune.

Da ruwan bana ya sauka na tono fartanyar, na kai maƙera aka sake mata ƙota, na jingine ta a ɗan filin bayan gida. Ba a jima ba na ga ƙasa a huɗe, Baba ya shuka kuɓewa. Maƙwabta suka yi ta surutu. Yaya ya bugo waya yana faɗa, na ce ya zo ya karɓe ta da hannunsa. Bai zo ba.

Binciken Rahila ba a buga shi ba, ba kuma wanda zai karanta shi. Abin da ya rage nata a duniya bai wuce kuɓewar nan ba, da tsohon da ke duƙe a cikinta. Jiya da yamma na same shi zaune a gefen shukar, gumi ya jiƙa masa riga. Na ce, "Baba, ina gajiya?"

Ya kalli hannuwansa, ya amsa.

"Yau kam akwai ta, 'yar nan. Da sauran tuwo?"