Tashar Jirgin Kwali

Da igiyar saje na bar aikin soja, amma lokacin da abin nan ya faru kofur nake, a wani bariki can kudu. Ɗaki da falo aka ba mu, ni da matata da yara uku: babban namiji, sai ɗiya mace, sai ƙanensu. Matata tana sayar da daddawa da kuka da ake aiko mata daga Danko, yarinyar ce ke kai wa matan hafsoshi har gida. Shekarunta tara.

Wata rana na sauko daga gadi da tsakar rana, na tarar da ita zaune a ƙasa, ta baje wani abu da ban taɓa ganin irinsa ba. Tashar jirgin ƙasa ce ta wasan yara, duk da kwali aka yi ta, irin na Turawa. Ga ginin tasha mai jan rufi da agogo a goshinsa, ga tagar sayar da tikiti, ga kan jirgi da taragu uku, ga gadar da mutane ke hawa su tsallake dogo. Har da mutanen, kowanne bai fi ɗan yatsa ba. Ta tsufa, gefenta ya yi laushi, amma kana gani ka san ba kayan ɗakin kofur ba ne.

Na ce, “Ina kika samo wannan?”

Ta ce, “Madam ta ba ni.”

“Wace madam?”

“Matar manjo. Ta ce ’ya’yanta sun girma.”

Wanda bai zauna bariki ba ba zai gane abin da ya taso mini ba. A watan nan aka kori wani soja daga gidajenmu saboda an ga ƙwallon ɗan kyaftin a hannun yaronsa. Da idona na ga an loda tukwanen matarsa a mota. Kuma mu mutanen Zuru an san mu a soja da riƙon amana, ina taƙama da wannan fiye da igiyar da ke hannuna. Zuwa in tambayi madam kuwa babu shi. Kofur ba ya buga ƙofar manjo ya ce yana son magana da matarsa.

Sai na yi abin da na iya, wato bincike. Na kwance tashar gaba ɗaya, na jera ɓangarorin a kan tabarma kamar ranar duba kaya, ina juya kowanne. A bayan agogon na ga sunan wani yaro da fensir. Ban yi tunanin cewa duk abin da aka yi kyauta da shi dā yana da mai shi ba. Na ce na kama ta. Na kwashe komai na kai murhu, ita tana biye da ni tana cewa, “Baba, ka tambaye ta.” Da wutar ta ci, na juyo a gaban ’yan’uwanta na ce, “Ashe ɓera nake kiwo a ɗakina.”

Ban doke ta ba. Na daɗe ina yaba wa kaina da wannan.

Bayan wata biyu matata ta dawo daga taron mata, ta ce madam ta tare ta tana tambaya ko yarinya tana jin daɗin jirginta. Ta ce, “Maigida, ka kira ta ka gaya mata.” Na ce uba ba ya durƙusa wa abin da ya haifa, yara kuma mantuwa gare su. Na hana ta ɗaga maganar. A raina ma cewa na yi wa ya sani, ko ita ta je ta roƙi madam ta faɗi haka don ta rufa wa ɗiyarta asiri. Wannan zargin na riƙe shi shekaru, don ya fi mini sauƙin ɗauka.

Sunan kuwa ya bi ta. Da wasa ’yan’uwanta ke faɗa, da wasa ya biyo mu har gida Zuru bayan na yi ritaya. Ta girma, ta yi karatun jinya, ta yi aure, yanzu ta haura hamsin. Ba ta taɓa yi mini rashin kunya ba. In ta zo takan durƙusa ta gaishe ni, ta ajiye abin da ta kawo, ta koma wajen uwarta. In na ce ta ɗauko mini wani abu a ɗakina, sai ta aiki wani.

Kirsimetin bara kowa ya zo. Aka nemi cajar wayar babban aka rasa, ya yi dariya ya ce, “A duba jakar ɓera.” Aka kwashe da dariya har da surukai. Sai jikata, ɗiyar ɗiyata, wadda ta gama jami’a, ta ce, “Mama, wai da gaske kin taɓa sata kina ƙarama?” Uwar kuwa ni ta duba. Ina zaune da kwanon tuwo a gabana, na sunkuyar da kai na ci gaba da ci.

Bayan sun watse na rasa sukuni. Bakina bai saba da irin wannan maganar ba, sai na ce bari hannu ya yi. Zan sake gina tashar. Abin kunya, ina tune da kowane lungu nata, don ba kallon sha’awa na yi mata ba, kallon mai neman shaida na yi.

Na fara da kwalin taliya. Ya yi kauri, in ka lanƙwasa sai ya karye ya nuna haƙora. Kwalin sukari kuma ya yi laushi, bango ba ya tsayuwa. Sai a shagon mai takalma na samu daidai, kwalin da ake sa takalmi ciki. Na je sau uku, a na huɗu ya ce, “Saje, wai takalmi za ka fara sayarwa ne, ka zo kana leƙen kasuwata?” Na ce kaji nake wa wurin ƙwai. Ya bi ni da kallo har na sha kwana.

Tashar farko da sitacin rogo na manne ta. Kwana uku kyankyasai suka cinye mahaɗin, rufin ya zube. Da na ga haka, matata na fara zargi, na ce ita ta shiga da tsintsiya. Ina tsaka da faɗa na ga kashin kyankyasan a kan tagar tikiti. Nan na tuna ta asalin ba ta da manne ko kaɗan. Kowane bango yana da ɗan harshe a gefensa, na kusa da shi yana da tsaga, ka zura wannan cikin wancan su riƙe juna. Shi ya sa ta kwance mini da sauƙi a ranar. Na koma na fara daga farko. Na gano in ka ja layi da bakin ƙusa kafin ka lanƙwasa, kwalin yakan bi layin ba gardama. Idona ya yi rauni, hannuna yana rawa, reza ta yanka ni ba adadi. Tsaga ɗaya in ta faɗaɗa, bangon duka ya tashi aiki.

A rumfar bayan rumbu nake yi, in na ji tafiya in rufe da buhu. Matata ba ta ce komai ba har sati biyu, sai dai ta riƙa samun dalilin zuwa rumbu sau biyar a wuni. Maƙwabcina kuma, wanda muke da tsohuwar jayayya kan iyakar gona a Manga, ya hango ta katanga ina yanka ƙananan mutane ina jera su. Washegari na ji a gari wai tsohon saje yana yin mutum-mutumin mutane yana rufe su da buhu. Ran Lahadi bayan sujada wani dattijon ikilisiya ya ja ni gefe ya ce, “Ɗan’uwa, in akwai wanda ya ɓata maka, a zauna a yi magana. Kada a koma hanyar da aka bari.” Na ce masa ni ne na ɓata wa wani. Bai yarda ba, na gani a idonsa.

Da muka dawo gida matata ta wuce kai tsaye ta yaye buhun. Ta ƙare wa tashar kallo. Sannan ta ce, “Sai yanzu?”

Na ce, “Kada ki gaya mata.”

“Haka ka ce wancan karon.”

“Wannan daban ne.”

“Kai dai ka sani. Amma rufin waccan bai kai wannan ja ba.”

Na rage jan da farin alli. Na gama ana fara yankan dawa. Na sa aka kira mini ɗiyata a waya na ce ta riga kowa zuwa Kirsimetin bana da kwana ɗaya. Ta ce, “Lafiya, Baba?” Na ce lafiya. Ta kira uwarta ta tambaya ko na je asibiti an gaya mini wani abu.

Ta iso da hantsi. Na kai ta rumfa na ɗaga buhun, na koma gefe. Na zaci za ta yi kuka, ko ta yi dariya. Ba ta ko matsa kusa ba. Ta harɗe hannu a ƙirji tana duban tashar, tana dubana.

Ta ce, “Wa ya ce ka yi?”

“Ba kowa.”

“Mama ce? Ko fasto?”

“Ni na yi, da hannuna. Wata goma.”

“To me kake so a wurina?”

Na ce ba na son komai, nata ne, ta ɗauka.

Ta ce, “In ɗauka in kai ina? In sa a jaka, gobe a ce a duba jakar ɓera?” Ta sassauta murya. “Baba, ni ba kwali aka ƙona mini ba. Kwali ko ka bar shi da yanzu gara ta cinye. Ka san gaskiya tun ina ’yar shekara tara. Na san ka sani, don madam ta tambaye ni ni ma, na ce mata yana nan lafiya. A gaban mutane ka faɗa. Yanzu kuma ka kawo ni bayan rumbu.”

Ta juya ta tafi wajen uwarta. Na zauna kan turmi. Sai da ta faɗa na ga abin da na yi: na kira ta ita kaɗai, kwana ɗaya kafin kowa, don kada wani ya ji.

Washegari da rana gida ya cika. Da aka zauna cin abinci a tsakar gida, na ɗauko tashar a kan faifai biyu na ajiye a tsakiya. Jikoki suka taso, na ce kowa ya zauna. Na miƙe tsaye, don a zaune ba za ta fito ba.

Na ce, “Ku biyun nan kun tuna wannan?”

Babban ya leƙa ya ce, “Kai! Jirgin ɓera!”

Na ce, “Daga yau kada in ƙara jin sunan nan. Ba ta ɗauki kayan kowa ba. Matar manjo ce ta ba ta. Na san haka wata biyu bayan na ƙona shi, uwarku ta gaya mini, na hana ta faɗa. Ni na yi mata ƙarya, na bar ku kuna maimaitawa shekara arba’in da wani abu.”

Babban ya yi ’yar dariya ya ce, “Haba Baba, ai wasa ne muke yi.”

Ƙanensa ya ce, “Yaya, yi shiru.”

Na juya wajenta. Gwiwata ba ta lanƙwasuwa sosai yanzu, na dafa kujera na sauka iyakar yadda zan iya. Na ce, “Na zalunce ki. Ki yafe mini.”

Ta ce, “Tashi, Baba, surukanka na kallo.” Ta sa ƙanenta ya ɗaga ni. Ba ta ce ta yafe ba, ni kuma ban sake tambaya ba. Ta dubi ɗiyarta ta ce, “Kin ji amsar tambayarki.”

Da aka watse, na ga ta jawo kujera ta zauna gaban tashar. Ta ɗaga tarago ɗaya ta duba ƙarƙashinsa, ta mayar. Ta gyara wa wani mutum tsayuwa. Na matso na tsaya, ban san ko a so ni a wurin ba.

Ba ta ɗago ba ta ce, “Babu karen.”

Na ce, “Wane kare? Na duba kowane yanki a ranar, babu kare.”

“Yana aljihuna. Baƙi ne, da farin kunne ɗaya. Kwana uku ina ɓoye shi, sai na ji tsoro kada ka gan shi ka ce na ƙara. Na jefa shi a masai da kaina.”



Ta ce, “Akwai sauran kwali?”

Na ce akwai. Na je rumfa na ɗauko da reza da ƙusa. Ta karɓi rezar ta duba bakinta, ta ce wannan ai ta dakushe, shi ya sa duk yatsuna suka zama haka. Ta ce akwai sabuwa a cikin jakarta, a ɗakin uwarta, in je in ɗauko.

Na tsaya ina dubanta.

Ta ce, “Je ka mana, Baba. Aljihun gefe.”